Alƙalin da Ya Iya Tsayar da Da'awa

Mutane da yawa suna zaton sai ranar yanke hukunci ake gane gwanin alƙali. Ni tun zaman farko nake gane shi, lokacin da yake tsayar da da'awa.

A ce manomi ya taso daga Furfuri zuwa kotun shari'a a Bunguɗu, rai a ɓace. "Allah shi gafarta Malam, maƙwabcina ya cinye mini gona!" Wannan kuka ne, bai kai da'awa ba tukuna. Sai alƙali ya bar shi ya huce, sannan ya shiga tatsar magana. Wace gona? Da wa ta yi iyaka gabas da yamma, kudu da arewa? Gado ka ci ko saye ka yi? Yaya aka yi ta shiga hannunsa, aro ko jingina? Magatakarda yana ta rubutu. Kafin a ankara, hayaniyar ta koma layi huɗu ko biyar da ɗaya ɓangaren zai iya amsawa da iƙirari ko musu.

Alƙali ba daga kansa yake ƙirƙiro tambayoyin ba. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda har yau ake karantawa a zaurukanmu, ta sharɗanta abin da ake nema ya zama sananne, mai nema kuma ya kasance da yaƙini. "Ina tsammani" ba ta tsayar da da'awa.

Inda abin ya fi burge ni shi ne rarrabe mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa. Mai da'awa ba lallai wanda ya riga zuwa kotu ba ne. Maƙwabcin nan ya miƙe ya ce, "Gonar mahaifinsa ce, amma ya sayar mini tun yana raye." Kunnen da bai goge ba zai ji musu. Gwani kuwa ya ji iƙirari: mutumin ya amsa asalin gonar da bakinsa, ya kuma ɗora sabuwar da'awa ta ciniki. Reshe ya juye da mujiya, yanzu shi zai kawo shaidun saye, magajin kuma rantsuwa ce a kansa idan shaidu suka gagara. Alƙalin da ya kuskure wannan gaɓa zai ɗora wa mai gaskiya nauyin da ba nasa ba.

A babbar kotu a Gusau lauyoyi ne ke tsara da'awa a rubuce, kuma abin da ba a shigar a takarda ba, ba a jin shaida a kansa. Talakan da ya zo kotun shari'a sau da yawa ba shi da lauya, sai bakinsa. Dole alƙali ya taimaka masa ya fayyace maganarsa, ba tare da ya saka masa hujja a baki ba. Tun da Zamfara ta faɗaɗa shari'a a Janairun 2000 hankalin duniya yana kan haddi, alhali gona, gado, bashi da aure ne suke cika zauren kotu, kuma kowace a cikinsu da waɗannan tambayoyi take farawa.