Hatimi da Ma'ana: Sharhi a kan Fassarar Takardun Hukuma

Manufar wannan taƙaitaccen sharhi ita ce a jawo hankalin manazarta zuwa ga wani reshe na fassara da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wato fassarar takardun haihuwa da na aure da na saki waɗanda mai neman zama a wata ƙasa kan gabatar.

Kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka, hukumar shige da fice tana bukatar cikakkiyar fassara zuwa Ingilishi, tare da shaidar mai fassarar cewa ya ƙware kuma aikinsa daidai ne. A Faransa kuwa, akan nemi rantsattsen mai fassara wanda sunansa ke cikin jerin kotun ɗaukaka ƙara. Abin lura shi ne, lauyan da ke buga hatimi sa hannu kawai yake shaidawa. Haka ma Yarjejeniyar Hague ta 1961: sa hannu da muƙami da hatimi take tabbatarwa, ba ta taɓa abin da takarda ta ƙunsa. Ashe ke nan fassara na iya samun hatimi uku alhali ma'anarta a karkace take.

Alal misali, a ɗauki "sadaki". Sau da yawa akan fassara shi da "dowry", wadda a asalin ma'anarta dukiya ce da amarya ke kai wa miji, ga shi kuwa sadaki haƙƙin mace ne a kan miji. "Ɗan'uwa" ma ya haɗa har da ɗan baffa da ɗan kawu. In aka mayar da shi "brother", jami'in da ya gano bambancin zai ɗauka ƙarya aka shirya masa.

Sai kuma sunaye. Duk da tarurrukan daidaita rubutun Hausa na Bamako a 1966 da Yamai a 1980, wanda aka rubuta Issoufou a Maraɗi shi ne Yusufu a Katsina. Mai fassarar da ya "gyara" sunan ya raba mutum da fasfonsa. Daidai shi ne ya bar shi yadda yake, ya ƙara bayani a ƙasa.

Saboda haka, ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su tanadi kwas na fassarar shari'a, su kuma tsara ƙamus na keɓaɓɓun kalmominta. Kuskure a fassarar ƙagaggen labari armashi kawai yake ragewa. A takardar aure kuwa, yana iya raba mata da miji shekara da shekaru.