Taurin Kai Iri Biyu

Turawa suna da wata kalma ta hira, *hard-headed*, wadda in an bi ta baƙi da baƙi sai a ce "mai taurin kai". Masu fassara da dama haka suke juya ta, amma wannan kuskure ne babba, gama a bakin mutanen Ingila yawanci yabo ce, mu kuwa a wurinmu taurin kai zargi ne.

Abin da Bature yake nufi shi ne mutumin da daɗin baki ba ya ruɗinsa, tausayi kuma ba ya rufe masa ido wajen lissafi. Dubi mai sayen sa a kasuwar Shinkafi. Dillali yana ta yabon dabba, shi kuwa sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, sa'an nan ya taya. Haka kuma bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kaura Namoda a 1929, manomin Zurmi da ya kawo gyaɗa, in mai hankali ne, yakan tsaya kan sikeli da kansa har a gama awo. Waɗannan su ne masu aiki da karin maganar nan, gani ya kori ji.

Mai taurin kai namu dabam yake. An ce masa rafi ya kawo ruwa, ya ce sai ya ƙetare. Shi ne ake gaya wa, in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba. Mutanen Amurka su ma sukan yi amfani da kalmar da wannan ma'ana, saboda haka dole mai fassara ya duba wanda ya yi maganar da abin da ya kawo ta.

To, abin ba wasa ba ne. In an rubuta wa malami takardar shaida da Turanci aka yabe shi da ita, mai fassara ya ce "taurin kai gare shi", ai ya raba shi da aiki. Gara a ce "ba a yi masa wayo", ko "idonsa a buɗe yake".

Amma kalmar tana da giɓi, don ba ta ɗauke da kunya ko kara. Bahaushe ba ya kiran mutum na kirki sai ya haɗa wayon ciniki da sauƙin hali, ya san ranar da zai yafe wa maƙwabci bashi.