Kifin Yeh-Shen da Giwan Ruwan Argungu

Mai karatu, ka san Sinawa ma suna da tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa? Duan Chengshi ne ya rubuta ta a ƙarni na 9, zamanin daular Tang. A 1982 Ai-Ling Louie ta mayar da ita littafin yara mai suna Yeh-Shen, Ed Young ya yi zanen.

Marainiya ce take kiwon kifi a tafki, tana raba ɗan abincinta da shi. Kishiyar uwa ta yanka kifin ta cinye. Ƙasusuwansa suka zama masu biya wa yarinyar buƙata, har suka ba ta kayan ado da takalmin zinare ta je biki. Ƙafa ɗaya ta faɗi, sarki ya bi sawu ya aure ta.

Gaskiya littafin ya yi kyau. Young ya saƙa siffar kifin cikin zane-zanensa, yadda yaro ba zai manta wanda ya yi wa yarinyar rana ba. To amma ga inda gizo ke saƙar. A rubutun Duan, bayan aure sarkin ya dinga roƙon ƙasusuwan dukiya ba ƙaƙƙautawa, da shekara ta zagayo suka daina amsawa, daga baya ruwa ya tafi da su. Littafin yaran bai kai nan ba, ya tsaya a aure da halakar kishiyar uwa. An bar wa yaro daɗin labari, an cire masa gargaɗin kwaɗayi.

Kai da ka san Argungu, ai wannan gargaɗin ba baƙonka ba ne. A Matan Fada ana hana su har ranar biki, kuma ba mai faɗawa ruwa da homa da gora sai an ba da izini. Haƙurin nan ne ke barin giwan ruwa ya girma. Bikin da aka soma a 1934, wanda UNESCO ta karrama a 2016, kan wannan ƙa'ida yake tsaye.

Don haka marubutan Birnin Kabi da Argungu, in za ku yi wa yara littafi kan Sarkin Ruwa ko Kanta, ku ɗauki ƙwarewar Young, amma kada ku datse wutsiyar labari don gudun ɓata wa yaro rai. Yaran nan su ne masuntan gobe. Allah ya sa mu dace.