Kuɗin Ƙosai a Wayar Maigida

'Yan uwana mata. Yau da Babban Bankin Najeriya nake, amma ku ma akwai naku kason a ƙarshe.

A watan Oktoba na 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka yi ta kiran jama'a su koma taransifa. Kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin, ranar 3 ga Maris.

To don Allah, da suka zauna a Abuja suna wannan tsari, wa ya tuna da matar kulle a Rurum ta ƙasar Rano, ko a Tarai ta Kibiya? Sana'arta ƙosai ce da ƙuli-ƙuli da daddawa. Yarinya ta dawo daga talla, uwa ta ƙirga, ta jefa a asusu, ta zuba adashi. Ba ta da akawun, ba ta da BVN, ba ta taɓa taka ƙofar banki ba.

Tsoffin kuɗi sun dawo, amma taransifa ta zauna daram. Mai saye ya ce babu tsaba, sai a karanto masa lambar maigida. Nan fa gizo ke saƙar. Tun kaka da kakanni kuɗin sana'ar mace nata ne, haka ma addini ya tabbatar. Ga shi yanzu ita ke shan hayaƙi, alat kuma na shiga wayar wani. Mai tsoron Allah ya miƙo mata cif-cif, wani kuwa ya ce ya ranta ya yi cefane, rancen da ba ranar biya. In an aika wajen mai POS, ladansa ya cinye ribar.

Ban ce abin duk sharri ba ne, samari da yawa sun samu abin yi da na'urar nan. Laifin bankin shi ne ɗinka riga ba tare da auna mai sawa ba.

Ke kuma 'yar uwa, nemi izinin maigida ki je ki yi katin ɗan ƙasa, ki buɗe akawun da sunanki, lambar sirrinki ta tsaya a cikinki. Kwano ɗaya ake ci, amma aljihu kowa da nasa.

Allah Ya sa mu dace, amin.