Rabon kyauta a intanet ba ya sayar da jigida a Funtua

Wani salo ya shigo wa matan da ke haɗa kayan ado a gida, masu zura duwatsu su fitar da jigida da abin wuya da abin hannu da 'yan kunne. Da zarar ciniki ya ja baya sai a ga sanarwa a Instagram ko TikTok ko Facebook cewa za a yi rabon kyauta. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne kullum: ki bi shafin, ki ambato ƙawaye uku, ki yaɗa hoton. Wurin 'yan kasuwar manyan birane aka gano abin, ga shi ya iso har Funtua da Malumfashi. A ganina, ga mai ƙaramin jari a wannan yanki, asararsa ta fi ribarsa.

Kuɗin yankinmu daga gona suke fitowa, kuma suna da lokacinsu. Da damina duk abin da magidanci ya samu taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago ne ke cinye shi. Sai kaka ta yi, masara da dawa da waken suya sun shiga kasuwannin Dandume da Bakori, an ɗebe auduga, sannan ake maganar lefe da anko da kayan fitar biki. Sai kuma gabanin Sallah. Wadda ta raba kyauta a watan Agusta don ta farfaɗo da ciniki ba ta gane ciwon ba. Mutane sun san da ita, kuɗin ne babu a hannu.

To su wane ne ma ke shiga gasar? Akasari ma'abota neman na banza ne, masu bin shafi shafi duk inda aka ce kyauta, yau atamfa, gobe katin waya. Za su cika miki shafi da addu'a da "Allah ya sa ni ce", ranar da aka sanar da mai rabo kuma su watse. Waɗanda suka rage ba sa kallo, ba sa magana, su kuwa waɗannan manhajoji suna lura da yadda mabiya ke kula abin da aka ɗora kafin su nuna wa wasu. Taron da ba ya motsi yana iya danne hoton da mai saye ta gaskiya za ta gani.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Jigida kayan sirri ne. Matar aure a Kafur ko Danja da ke son ta saya ba za ta rubuta sunanta a bainar jama'a ƙarƙashin hoton jigida ba, balle ta kira ƙawayenta su shaida. A keɓe za ta yi magana, ko ta aiko ƙanwarta. Ke nan sharaɗin gasar da kansa ya tace mai sayen ya ajiye ta a waje.

Sai lissafi. Duwatsun daga Kano ake saro yawancinsu, a biya kuɗin mota ta hanyar Dayi da Gwarzo, a zauna a zura su ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja. In ƙuri'a ta faɗa kan wata a Fatakwal ko Maiduguri, dole a kai saƙo tasha a ba direba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin aike ya koma. Wani lokaci ya fi kuɗin kayan. In kika ce mai rabo ta biya, rigima ta tashi, a ce kin yaudari mutane. Nan ne ma 'yan damfara ke samun ƙofa: su buɗe shafi mai kama da naki, su ce wa mutane sun ci kyauta, su turo kuɗin aike. Sunanki ne zai ɓaci. Masu cewa sai an biya wani abu kafin a sa suna a ƙuri'a kuwa, su tambayi malamai, don wannan ya shiga gonar caca.

Ba kyautar nake ƙi ba. Kasuwancin Bahaushe bai taɓa rabuwa da gyara ba, amma mai awo wanda ya sayi tiya take ƙara wa, ba ta bin masu wucewa da shi. Wadda ta sayi jigida biyu, a ɗora mata ɗan zobe. Mai kitso da mai lalle, waɗanda mata ke yini a gabansu, a ba su abin hannu su sa. Dillaliya mai shiga gida gida a ba ta samfuri da ladanta. Amarya a unguwa a yi mata abin wuya da zai dace da ankon ƙawayenta, ranar kamu mata da yawa za su tambayi wadda ta yi, kuma dukansu sun san hanyar gidanki.

In ma sai an yi rabon a waya, a yi shi a WhatsApp, inda masu kallo mutanen da suka ajiye lambarki ne. A taƙaita shi ga waɗanda suka taɓa saye, a faɗi garuruwan da za a iya kai kaya tun farko, a kuma saita shi da kaka ko makonnin kafin Sallah.

'Yan uwa mata masu wannan sana'a, kafin ku sake sanar da wani rabon, ku buɗe littafin cinikinku ku ƙirga mutum nawa daga cikin waɗanda suka shiga na baya suka dawo da kuɗi a hannu.