Kujerar Maarten Baas Ta Mayar Da Ni Wasan Yumɓu

Jama'a, ku bar ni in yabi Maarten Baas har muryata ta dushe. Mutumin Holan ne mai zayyana kayan ɗaki, an haife shi a Jamus a 1978, kuma ni dai a wurina ba a taɓa yin wanda ya yi wa kujera gata kamarsa ba. Kujerunsa masu suna Clay sun fara bayyana a bajekolin kayan ɗaki na birnin Milan a Italiya a 2006. Duk lokacin da na buɗe hotunansu sai na yi dariya, irin dariyar da mutum yake yi idan abu ya burge shi har ya rasa ta cewa.

Ku dube su da kyau. Ƙafafu sirara, wannan ta karkata hagu, waccan ta ɗan lanƙwashe a tsakiya, majinginar ta karkace, kujerar gaba ɗaya tana tsaye kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu yana koyon tsayuwa. Ga launi rangaɗau: ja, shuɗi, kore, ruwan ɗorawa, baƙi, fari. Za ka rantse kana ɗora mata nauyi za ta zube, alhali ƙato zai zauna a kai ya miƙe ƙafa, domin a cikinta akwai ƙarfe da aka yi mata ƙashi da shi. A kan ƙarfen ne ake manna wani yumɓu haɗin masana'anta, ana matsa shi da hannu, a bar shi ya sandare, sannan a shafa fenti. Babu wani mazubi da ake zuba shi ya fito da siffa ɗaya. Shi ya sa ba za ka sami biyu iri ɗaya ba, kuma idan ka matsa kusa za ka ga sawun yatsun wanda ya gina ta, kwarmi-kwarmi, tun daga ƙafa har majingina. Kai, wannan sawun yatsun shi ya gama da ni! Masana'antu sun yi shekara da shekaru suna goge duk wata alamar cewa hannun ɗan Adam ya taɓa kayansu, shi kuwa Baas ya ce a bar ta a fili kowa ya gani.

Dama can ba ya jin magana. Aikinsa na kammala karatu a makarantar zayyana ta Eindhoven a 2002 shi ne Smoke: ya ɗauko tsofaffin kujeru da tebura ya babbake su da wuta har suka yi baƙi ƙirin, sannan ya shafe su da wani ƙaro mai ƙarfi don a ci gaba da amfani da su. A 2004 a New York ya yi wa kayan manyan magabatan masu zayyana irin su Gaudí da Rietveld da Eames wannan aika-aikar, aka kuwa yi ta tafa masa. A 2009 bajekolin Design Miami ya zaɓe shi gwarzon shekara. Wanda ya bi ta filin jirgin Schiphol na Amsterdam zai ga wani ƙaton agogo da hoton mutum a ciki yana goge hannayen agogon yana sake zana su minti bayan minti. Shi ma aikinsa ne, na 2016.

To kuɗin kujerar Clay ba na irinmu ba ne, sai na ce bari in gina tawa 'yar ƙarama, wadda za ta zauna a tafin hannu.  Yumɓun na samo wajen wata maginiyar tukwane, ta riga ta cuɗe shi da dakakken tsingaro yadda ba zai tsage ba. A nan na gane wayon Baas. Yumɓun gaske yana tsukewa idan yana bushewa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, saboda haka in ka sa masa waya a ciki, fashewa zai yi a jikin wayar. Dole 'yar kujerata ta tsaya da ƙafafunta, ba ƙashi ba mataimaki. Na murza ƙafafun a tafin hannu suka yi kaurin ɗan yatsa, na bar su suka ɗan sha iska har suka daina lanƙwashewa da kansu. Wurin haɗi kuwa sai ka kakkarce ɓangarorin biyu da tsinke, ka shafa musu ruwan yumɓu mai kauri, ka danna, ka shafe bakin da babban yatsa. Na cusa dunƙulen takarda a ƙarƙashin mazaunin ya riƙe shi, na rufe da leda na ajiye a inuwa, don in iskar hunturu ta same ta kai tsaye, siraran wuraren za su riga masu kaurin bushewa su tsage.

Wanda yake cewa ai yaro ma zai iya yin kujerar Baas, ya zo ya gwada. Gina miƙaƙƙiyar ƙafa abu ne mai sauƙi, ka murza kawai. Amma ka karkatar da ƙafa huɗu, kowace ta fuskanci inda ta ga dama, kuma duk su taɓa ƙasa kujerar ba ta girgiɗi, nan ake gane gwani. Kaɗan ka wuce, ta zama ɓarna. Kaɗan ka rage, ta koma kujerar kanti. Baas ya san daidai inda ake tsayawa, kuma ya san shi a kujera, a tebur, har a fankar tsaye da ya yi da wannan yumɓun. Wallahi mutumin nan gwani ne.

Da ta bushe ƙayau, maginiyar ta sa min ita cikin tukwanenta ranar gashi, ta lulluɓe su da kara da busasshiyar ciyawa. Ta fito ja, tana ƙara ƙal idan ka ƙwanƙwasa ta da farce, ga wani baƙin tabo a majinginar inda hayaƙi ya kama ta. Na so in yi mata shuɗin fenti irin na Baas, da na ga tabon nan sai na fasa: Clay da Smoke ke nan a kujera ɗaya, a kyauta. Sawun babban yatsana ma yana nan a gefen mazaunin, wuta ta gasa shi ya zauna daram.

Abin da ya ɗan ba ni haushi da kanmu shi ne, mu da muke da Ladi Kwali a bayan naira ashirin, matar da ginin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka, mu da muka tashi muna gina shanu da dawakai da laka a bakin kududdufi, yau yaro ya taɓa yumɓu sai a daka masa tsawa ya je ya wanke hannu.

Don Allah ku nemi hotunan kujerun Clay na Maarten Baas ku more wa idanunku. Daga nan ku sayi curin yumɓu wajen masu tukwane, ku zaunar da yaranku a tabarma kowa ya gina tasa, kuma kada wanda ya gyara musu ƙafar da ta karkace.