Ƙananan Taurari a Littafin Internment na Samira Ahmed

1.0 Gabatarwa

A nazarin ƙagaggun labarai, ɗalibai kan mayar da hankali ga babban tauraro, su wuce ƙananan taurari da ambato kawai. Wannan takarda za ta nuna cewa a labarin da jigonsa ya shafi zalunci da bijirewa, ƙananan taurari ne ke ɗauke da mafi nauyin jigon. An ɗauki littafin matasa mai suna Internment (2019), na Samira Ahmed, marubuciya Ba'amurkiya haifaffiyar Indiya, a matsayin misali.

2.0 Taƙaitaccen Labari

Labarin Layla Amin ne, 'yar shekara 17, wadda gwamnatin Amurka ta tsare tare da iyayenta a sansanin Mobius saboda su Musulmi ne. An gina sansanin kusa da Manzanar a Kalifoniya, inda aka tsare Amurkawa 'yan asalin Japan daga 1942 zuwa 1945. Ɗaliban da suka tashi a zangon Tamale ba za su ji wannan baƙon abu ba, domin a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, kodayake wancan umarni ya dubi ƙasar mutum ne maimakon addininsa.

3.0 Rabe-raben Taurarin

Kashi na farko su ne abokan gwagwarmaya. Ayesha ƙawa ce mai raha, wadda ke tuna wa mai karatu cewa waɗanda aka tsare yara ne. Soheil kuwa shi ne ya fi zafin zuciya, kuma mutuwarsa a jikin shingen lantarki ce ta nuna farashin bijirewa. Layla ce ke magana, amma Soheil ne ya biya.

Kashi na biyu su ne mataimaka waɗanda ba Musulmi ba: David, saurayin Layla Bayahude, wanda ke fitar da rubuce-rubucenta, da Jake, mai gadi, wanda ya rasa ransa wajen kare ta. A nan akwai rauni. An bai wa Jake fili mai yawa, har mai karatu zai iya ɗauka cewa ba don shi ba da tsararrun ba su tsira ba, abin da ya rage wa jigon ƙarfi.

Kashi na uku su ne Saleem da Fauzia, Musulmin da aka naɗa su sa wa 'yan'uwansu ido. Hausawa na cewa da ɗan gari kan ci gari. Su ya kamata su zama zagayayyun taurari, a ga yadda tsoro ke mayar da wanda aka zalunta ɗan koren azzalumi, amma marubuciyar ta bar su miƙaƙƙu, kamar yadda ta bar shugaban sansanin mugu daga farko har ƙarshe.

4.0 Kammalawa

Kamar yadda Aku ya fi Musa ɗan sarki tasiri a Magana Jari Ce, haka ƙananan taurarin Internment suke riƙe da labarin. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya tambayi kowane ƙaramin tauraro abu biyu: me ya rasa, kuma wa ya amfana da rashinsa?